Gawayi, janareta da gubar da ba ta da wari: amsoshin likita

Tambaya daga wata uwargida a Rigasa: Likita, barka da aiki. Tun da hunturu ya shigo nake shigar da kaskon wuta ɗaki saboda yara. Kullum da ciwon kai da jiri muke tashi, ƙaramin har amai yake yi. Mun sha maganin maleriya, ba sauƙi. Ni kuwa ba na shigar da gawayin sai ya zama garwashi ya daina hayaƙi.

Amsa: Malama, daga yau kaskon nan a waje zai kwana. Daina hayaƙi ba shi ne daina guba ba. Duk abin da ake ƙonawa, gawayi ne ko itace ko kananzir ko fetur, idan bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta wari, ba ta sa tari ko yajin ido. Jan garwashin da kike ganin ya yi tsaf yana cikin manyan masu fitar da ita, balle a ɗakin da aka rufe ƙofa aka toshe taga da tsumma.

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin, wanda ke ɗauko oksijin daga huhu ya raba wa jiki. Gubar nan tana kama shi da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana oksijin wurin zama. Tun 1857 masanin Faransa Claude Bernard ya bayyana wannan. Ƙwaƙwalwa da zuciya su ke fara jin jiki, shi ya sa ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya ke zuwa da farko. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake zarcewa suma.

Abin da ke raba ta da maleriya: 'yan ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, galibi babu zazzaɓi, kuma idan an fita waje a ji dama-dama. Ki kai yaran asibiti yau, ki faɗa wa likita zancen kaskon da bakinki. Maganin sanyi kuma bargo, hula da safa, ko gorar ruwan ɗumi a naɗe da zane.

Tambaya daga wani tela a Kawo: Ina kunna ƙaramin janareta a zaure da dare saboda ɓarayi, amma ina barin ƙofa a buɗe kaɗan. Hakan ya wadatar?

Amsa: Bai wadatar ba, Malam. Buɗe ƙofa ko taga ba ya kwashe abin da injin fetur ke fitarwa. Zaure, baranda, ƙarƙashin bene da gareji duk cikin gida ne. Hukumomin lafiya na Amurka sun ba da ƙa'idar ƙafa 20, wato kamar mita 6, tsakanin janareta da kowace ƙofa ko taga, kuma bakin salansa ya juya wa gini baya. Tagar maƙwabci ma a lissafa da ita, musamman a gidan haya. Batun ɓarayi kuwa, mai walda zai ƙera maka keji na rodi mai rumfar kwano, gefensa a buɗe, ka sa sarƙa da kwaɗo. Idan da hali ka sayi na'urar ƙararrawa mai batir wadda ke jin wannan iska, ka kafa ta kusa da wurin kwana. Nauyin gubar kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, don haka gauraya take yi da iskar ɗaki, kwanciya a ƙasa ba ta ceton kowa.

Tambaya daga wata ɗalibar aikin jinya a Tudun Wada: Idan an tarar da mutane a sume, a ba su manja ko madara? Kuma me ya sa na'urar yatsa mai auna oksijin jini ke nuna 98 alhali mutum na cikin mawuyacin hali?

Amsa: Kada a ɗura wa wanda ya suma komai, yana iya wucewa huhu ya shaƙe shi. Manja da madara ba sa cire gubar daga jini. A wangale ƙofofi, a fito da mutane fili da sauri, mai ceto kada ya daɗe a ciki, a kashe janareta in ana iya kai gare shi. Mai numfashi a kwantar da shi a gefensa. Wanda numfashinsa ya tsaya a fara danna masa ƙirji. Sai asibitin da ke da oksijin, ko da mutum ya farfaɗo ya ce ya warke.

Oksijin shi ne maganin. A iskar waje, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini. Da tsantsar oksijin ta takunkumi mai jaka, a buɗe shi lita 15 a minti, lokacin yana saukowa zuwa kamar awa ɗaya da 'yan mintuna. Na'urar yatsa ta yau da kullum launin jini take karantawa, ba ta bambanta himogulobin mai ɗauke da oksijin da mai ɗauke da guba, don haka 98 ɗin nan kada ya ruɗe ki. Mai juna biyu a ƙara mata lokacin oksijin, domin jinin ɗan tayi ya fi riƙe gubar. A kuma gargaɗi dangi: daga kwana 2 zuwa 40 bayan sallama ana iya ganin mantuwa, canjin hali ko tangaɗi. Wannan aikin gubar ne a ƙwaƙwalwa, a dawo asibiti, kada a tafi neman maganin iskokai.

Tambaya daga wani malamin sakandare a Barnawa: Gaskiya ne jikinmu ma yana yin wannan iska? Kuma tana cikin hazon hunturu?

Amsa: Gaskiya ne. A 1949 likitan Suwidin Torgny Sjöstrand ya nuna jiki na fitar da 'yar kaɗan, kuma tana samuwa ne idan ana rushe tsofaffin ƙwayoyin jini. A jinin wanda ba ya shan taba ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, mai shan taba kuwa yana iya kai kashi 10. Shisha, da yake da garwashi ake shan ta, takan kai matasa asibiti saboda wannan gubar.

Hazon hunturu ƙura ce daga Sahara. Amma ƙunar daji ta rani na tura kabon monoksaid sama, inda take yin kamar wata biyu kafin ta rikiɗe ta zama kabon dayoksaid. Na'urar auna gurɓatar iska mai suna MOPITT da aka harba a tauraron ɗan'adam Terra a 1999 ta nuna yadda take yawaita a saman Afirka ta Yamma a Disamba da Janairu. Wadda ke sararin sama ta tsarwatse, ba ta kai ta sumar da mutum ba.