Amsa ga ƙanena kan gansakukar da ta rufe masa duwatsun tanki

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanena na unguwar Madina a Accra, na ga hoton da ka turo jiya da daddare: tankin kiwon kifi na ruwan gishiri mai lita 40, kifi biyu da 'yan murjani masu rai, gansakuka mai kama da koren gashi ta lulluɓe duwatsun, kana tambaya ko akwai maganin da za ka ɗiga ya kashe shi. Don Allah kar ka ɗiga komai tukuna. Wasu magungunan kifi akwai jan ƙarfe a ciki, shi kuma yana kashe murjani da dodon koɗi, dutse ya shanye shi ya riƙa sakinsa a hankali.

Gansakuka ba ta tsiro sai ta samu abin ci, wato sinadaran naitiret da fosfet da ke cikin ruwa, ga haske. Tambayata ita ce, da wane ruwa kake haɗa gishirinka? Ka san yadda muke a Accra, famfo ya zo yau, gobe babu, mu tara a folitanki, wato babban tankin roba, ko mu sayi na tanka. Ruwan nan zai iya yin kyau a ido, amma yana ɗauke da fosfet da silika. Duk ranar da ka ƙara shi, taki ka zuba mata. Ni ma haka na yi wata huɗu a Nima ina goge gilashi safe da yamma, sai da na koma ruwan da aka tace da na'urar RO, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, kafin na ga sauƙi. In fiya wata za ka saya, ka nemi ɗan ƙaramin abin awon TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, ka gwada, don ba duka aka tace iri ɗaya ba. Lambar ta kusanci sifili.

Na san wani zai ce ga teku nan a bakin ƙofa. Kar ka ɗebo na gaɓa, balle wajen da tafkin Korle mai ɗauke da dattin gari ke zubowa. Abin da za ka shigo da shi ya fi wanda kake son fitarwa.

Sai abinci. Kifi biyu, abin da za su cinye cikin minti ɗaya ya ishe su. Ka lura da yaran gida ma, suna son ganin kifi na cin abinci, kowa ya wuce sai ya barbaɗa.

Aikin kuma da hannu za ka yi shi. Ka kashe injin da ke juya ruwan, ka tsige gashin da yatsa, kana riƙe da siririn tiyo yana zuƙe guntayen zuwa bokiti. Dutsen da babu murjani a kai, ka ciro shi ka goge da sabon buroshin haƙori a cikin tsohon ruwan tankin, ba a ƙarƙashin famfo ba, don famfo zai kashe ƙwayoyin da ke tace maka ruwa. Ka canza lita huɗu zuwa shida duk sati, gishirin ya tsaya a 1.025 a kan abin awon gishirin ruwa. Fitila awa takwas ta isa. A hotonka kuma na ga tankin yana jikin taga, ka matsar da shi ko ka sa labule.

Lokacin zafin Fabrairu da Maris, ƙaramin tanki nan da nan yake kai digiri 30, alhali 25 zuwa 26 ake so. Ka sa 'yar fanka tana hura saman ruwan. Ruwa zai riƙa raguwa, to ka cike da tataccen ruwa zalla, ka gane ko, gishiri ba ya bin iska, yana nan a ciki.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: ka gwada ruwa ka ga fosfet sifili, ka ce to ai babu. Akwai, gansakukar ce ke shanye shi kafin ka auna. Kuma in ta tafi kar ka dage sai komai ya koma sifili, murjani ma yana buƙatar kaɗan, don a cikin namansa akwai ƙananan gansakuka da ke haɗa masa abinci. Naitiret miligiram biyar zuwa goma a kowace lita, fosfet ƙasa da 0.1, ya yi.

In ka samu dodon koɗi na ruwan gishiri, uku ko huɗu, ka sa bayan ka tsige, don ba sa iya cin dogon gashi. In kuwa ka ga wani ja mai yauƙi shimfiɗe a kan yashi, wannan daban ne, ruwa ne ba ya motsi a wurin, ka juya bakin injin can.

Zai ɗauke ka sati shida ko fiye, kar ka karaya. Ka faɗa min ruwan da kake amfani da shi yau ɗin nan, sannan ka turo wani hoton ranar Juma'a ta sama, daga gefen da ka ɗauki na jiya. A gaida mutanen gida.