Na sha Flagyl amma ciwon ya dawo, in koma tinidazole?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An yi mini gwaji aka ce ina ɗauke da ƙwayar cutar Trichomonas. Na sha metronidazole, wato Flagyl, ƙwaya huɗu a tashi ɗaya, ruwan nan mai ƙarni ya ɗauke, sai ga shi ya dawo da ƙaiƙayi bayan sati uku. Wata ta ce tinidazole ya fi ƙarfi. Maigidana bai sha komai ba, ya ce lafiyarsa ƙalau. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ciwo ne mai warkewa. Magungunan biyu dangin juna ne. Tinidazole ya fi daɗewa a cikin jini, bai cika tayar da zuciya ba, ana shan giram 2 sau ɗaya. Amma ya fi tsada, kuma ba a ba mai juna biyu. Metronidazole kuwa, ga mace, shan miligiram 500 safe da yamma na kwana bakwai ya fi wannan shan lokaci ɗaya da kika yi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya samu kashi 11 cikin ɗari na masu kwana bakwai da ragowar ƙwayar cutar, kashi 19 a ɓangaren masu sha ɗaya. Akwai kuma secnidazole, shi ma sha ɗaya.

Sai dai matsalarki tana jumlar da kika faɗa kan maigida. Kullum ina fama da wannan magana ta "lafiyata ƙalau". Yawancin maza masu wannan ƙwayar ba sa jin komai, suna ɗauke da ita, suna mayar wa matar da ta gama magani. Sai a ce sanyin banɗaki ne, a tura ta wajen masu tallan "maganin sanyi" ko a ba ta na cusawa. Yawancin na cusawa na ƙaiƙayin fungus ne, wata ƙwayar cuta daban, ba ya kashe wannan. Tsarki da ruwan magani ma ƙara ɓata wurin yake yi. Ta saduwa ake ɗaukarta, kuma tana iya zama watanni a ɓoye, don haka kada ki mai da gwajin hujjar zargi.

Shi ya sha metronidazole giram 2 sau ɗaya, ke ki yi kwana bakwai, a tare. Ku ƙaurace wa shimfiɗa har kowa ya gama kuma alamun sun ɗauke. Ki sake gwaji bayan wata uku. Idan ya ƙi sha, ko wane magani na rubuta miki zaki dawo.