Tambaya da Amsa: Farar rigar nan mai aiki a kafaɗa, ta wace ƙasa ce?

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, ni tela ce a nan Maradi. Kwanan nan ƴan mata sai kawo min hoto suke a waya, wata farar riga mai faɗin hannu da aikin zare ja da baƙi a kafaɗa, wai yayin Faransa ne. Don Allah daga ina take, kuma keke zai iya fidda ta?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah shi sa ma sana'a albarka. Rigar nan ba ta Faransa ba ce sam, ta matan karkarar Romaniya ce, "iya" suke ce mata. Tun kaka da kakanni su ke saƙa farin ƙyallen da kansu, na lilin ko auduga, sannan su zauna da allura suna ƙirga zaren saƙar ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa aikin ke fita cas, kuma riga guda sai ta ci makonni ko ma watanni.

Ki ƙara duba hoton da kyau, aikin da ke hannun rigar kashi uku ne. Akwai mai cika a saman kafaɗa, ƙasanshi wani siririn layi, daga nan sai layuka su gangaro har wuyan hannu. Kowane yanki da nashi zane, budurwa ta sa launi mai haske, dattijuwa ta sa mai duhu, kamar dai yadda a nan ake kallon aikin babbar riga a san ko wane ne a cikinta.

Faransa daga baya ta shigo. Mai zanen nan Bafaranshe Matisse ya zana mace sanye da ita a 1940, sai shahararren telan Faransa Yves Saint Laurent ya fito da irinta a ɗinkinshi na 1981, tun daga nan manyan gidajen ɗinki ke ta ɗiba. Abin da ke min ciwo wallahi, a 2017 gidan ɗinkin Dior na Faransa ya fidda wata falmaran da mutanen yankin Bihor na Romaniya suka ce tasu ce sak, ba a ko ambaci sunansu ba, alhali tsofaffinsu ne suka ƙare ido a kan wannan aiki! Ba su yi shiru ba dai. A 2022 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa rigar cikin kayan gadon duniya da sunan Romaniya da maƙwabciyarta Moldoba, kuma duk 24 ga Yuni suna bikin ranarta.

Batun keke kuwa, yanka da tattarar wuya da haɗa hannu duk zai miki. Amma aikin kafaɗa ki kai ma masu surfani, na inji bai da wannan kyau. Ki nemi farin yadin auduga mara nauyi don zafin garin nan, ki sa mishi shafi tunda shara-shara ne, ki ƙara tsawo a ɗaura ta da zani, su ma can da irin zani suke sa ta. In mai riga ta zo karɓa don Allah ki gaya mata ta Romaniya ce.