Likitan Dabbobi Ya Amsa Tambayoyinku Kan Kwikwiyo da Cizon Kare

Tambaya: Likita, kwikwiyona ɗan mako tara ne, an yi masa allurar rigakafi sau ɗaya. Yau kwana biyu yana amai da gudawa mai jini da ɗoyi, ko ruwa ba ya sha. Allurar ce ba ta yi aiki ba?

Amsa: Malam, ka kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan, kada ka bari ya kwana. Alamomin nan sun fi kama da cutar farbo, wadda ta ɓulla a karnuka a 1978. Ƙwayar cutar tana cinye fatar cikin hanji, tana kuma taɓa ɓargo, sai garkuwar jiki ta faɗi. Abin da ke kashe kwikwiyon shi ne ƙarewar ruwan jiki da ƙwayoyin cutar hanji da ke tsallakawa cikin jini. Saboda haka aikin asibiti shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, maganin tsayar da amai da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ɗura masa ruwa ta baki yana tsaka da amai na iya sa ya shaƙe.

Allura ɗaya ba ta isa ba, kuma ba laifin allurar ba ne. Kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa, wato nonon farko. Muddin wannan garkuwar tana jikinsa, tana iya kashe ƙarfin allurar da aka yi masa, kuma ranar da take ƙarewa ta bambanta daga kwikwiyo zuwa kwikwiyo. Shi ya sa ake farawa tsakanin mako 6 da 8, a maimaita duk bayan mako 2 zuwa 4, ta ƙarshe ta kasance a mako 16 ko bayansa. Kafin nan kada ya taka inda baƙin karnuka ke kashi.

Ƙwayar farbo tana yin watanni a cikin ƙasa, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta. Ka kwashe kashin, ka wanke wurin, sannan ka zuba bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 30, ka bar shi minti 10 kafin ka ɗauraye. Haka za ka yi wa kwanonsa.

Tambaya: Karen maƙwabta ya ciji ɗana a ƙafa. Raunin ƙarami ne, mai karen ya ce lafiyarsa ƙalau. In jira?

Amsa: A'a, Malama. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ki duba agogo, domin mutane kan tsaya a minti biyu. Ki shafa aidin, kada ki ɗaure raunin tamau, ki wuce asibiti da shi yau. Ƙanƙantar rauni ba hujja ba ce, tun da a yawu ƙwayar haukan kare take, ko ƙarzanewa ta ishe ta shiga. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya kacal, musamman idan cizon kusa da kai ne. Wannan tazarar ce damarmu: allurar da aka fara da wuri tana riga ƙwayar isa. Da zarar alamu sun fito, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum 59,000 a shekara, kuma kusan duk daga kare suke ɗauka.

Idan haƙori ya huda fata, likita na iya ƙara wata allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin kansa. Shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. In ya cika kwanakin garau, ba ya ɗauke da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma a fara wa yaron allura tukuna, a bar likita ya yanke ko za a ci gaba. A tambayi mai karen katin rigakafi: ana yi wa kare allurar haukan kare ta farko yana ɗan wata uku, a maimaita bayan shekara, daga nan kuma yadda dokar wurin da nau'in allurar suka tsara.

Tambaya: Kaska ta cika kunnen karena. An ce in shafa masa kananzir, in kuma ba shi farasitamol don jikinsa da zafi.

Amsa: Duka biyun ka bar su. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata, in ya lasa kuma guba ne. Ka kama kaskar da hantsaki dab da fata, ka ja a miƙe ba tare da matse cikinta ba, sannan likita ya zaɓa maka magani daidai nauyin karen. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibufurofen, yana huda cikin kare ya lalata ƙoda, farasitamol kuma in ya wuce kima yana lalata hanta. Zafin jikin kare na yau da kullum yana tsakanin digiri 38 da 39.2, ya fi na mutum, don haka a auna, kada a dogara da taɓi. Ka ɗaga leɓensa: in dasashinsa ya yi fari, a gwada jininsa, kaska na yaɗa cututtukan da ke fasa jini.

Tambaya: Kwikwiyona ɗan wata uku yana cizon hannun yara, yana fitsari a ɗaki. Na doke shi, bai daina ba.

Amsa: Duka ba zai hana shi ba, Malam, tsoron hannu kawai zai koya masa, kuma kare mai tsoro shi ne ke cizo na gaske in ya girma. Yanzu haƙoran nono 28 ne a bakinsa, za su zube, na dindindin 42 su gama fitowa wajen wata shida zuwa bakwai, don haka dole ya yi tauna. Da haƙori ya taɓa fata, a janye hannu, a daina wasan na ɗan lokaci, a miƙa masa abin tauna. Yara su daina gudu da ihu a gabansa, shi a wurinsa gayyatar wasa ce. Kuma kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sabo.

Fitsarin kuwa, mafitsararsa ba ta riƙe fiye da awa uku a wannan shekarun. Ka fitar da shi wuri ɗaya da zarar ya farka, bayan ya ci, da bayan wasa. Yana gamawa ka yaba masa ka ba shi ɗan abinci nan take, domin in ka jinkirta ba zai haɗa ladan da aikin ba. Inda ya ɓata a ɗaki a wanke sosai, warin ne ke mayar da shi wurin.