Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoto a Wuraren Ibadar Buda na Bankok

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kuma wata mai zuwa zan je Bankok, babban birnin Tailan, sarin kaya karo na farko. Na yi shekara biyar ina ɗaukar hoto don sha'awa, shi ya sa nake so in ware kwana biyu in ga Wat Pho da babbar fadar sarki da sauran wuraren buɗe ido. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne an turo a wani zaurenmu na WhatsApp cewa duk baƙon da ya ɗauki hoton mutum-mutumin Buda kama shi ake yi a ɗaure. Shi kuwa ejan da ya yi mini biza ya ce surutu ne kawai, muddin na sayi tikiti in ɗauki abin da na ga dama yadda na ga dama. Wanne zan kama? Ba na son in je neman ƙiba in samo rama.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka game da saƙon WhatsApp, domin ƙarya ce. Dubban baƙi ne ke shiga Wat Pho kowace rana da kyamara a wuya, suna ɗaukar hoton Buda mai kwance, wanda tsawonsa ya kai mita 46, tsayinsa kuma mita 15, su fito lafiya ba wanda ya ce musu kanzil. Maganar ejan naka ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin mai jin tsoro a banza hoto kawai zai rasa, amma wanda ya shiga da tunanin cewa tikiti ya ba shi lasisin yin abin da yake so, shi ne ke iya kwana a hannun 'yan sanda.

Wannan magana ta "ai na biya kuɗina" na ji ta har na gaji. Asalinta shi ne mutane suna ɗaukar waɗannan wurare tamkar gidan adana kayan tarihi, saboda sun ga taga ta sayar da tikiti da masu gadi da shagon tsaraba. Alhali kuwa Wat Pho wurin ibada ne da ke aiki har yau, limaman Buda suna zaune a cikinsa, mutanen gari suna zuwa da furanni da turare suna durƙusawa. Kuɗin da ka biya kuɗin shiga ne kawai, kuma baƙi ake karɓa wa. Dokar laifuffuka ta Tailan, a sashe na 206, ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 7, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi wa wurin ibada ko abin da wasu ke girmamawa a addininsu wani abu na wulaƙanci. Dokar ba ta ware baƙo ba, ba ta kuma ware wanda bai yarda da addinin ba. Ejan da ke zaune a ofis yana buga takardun biza, wanda wataƙila bai taɓa cire takalminsa a ƙofar wat, wato wurin ibadar Buda, ba, ba shi zai tsaya maka a ofishin 'yan sanda ba.

Ka dubi abin da ya faru da wasu. A watan Nuwamba na 2017 an tsare wasu Amurkawa biyu a filin jirgin sama na Bankok suna shirin barin ƙasar, saboda hoton rashin kunya da suka ɗauka a Wat Arun suka saka a Instagram. An ci tarar kowannensu bat 5,000 na kuɗin Tailan, aka kuma kore su. A Sirilanka, a shekarar 2012, kotu ta yanke wa Faransawa uku ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka saboda sun ɗauki hoto suna kwaikwayon sumbatar mutum-mutumin Buda, kuma ma'aikatan shagon wanke hoto ne suka kai ƙararsu. A Miyanma, a 2015, an ɗaure wani ɗan Niyuzilan da abokan aikinsa biyu shekara biyu da rabi saboda sun saka hoton Buda sanye da abin sauraron kiɗa a kunne a Facebook, don tallar mashayarsu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka kama don ya danna kyamara. Abin da suka yi a gaban kyamarar, ko abin da suka yi da hoton daga baya, shi ya jefa su cikin masifa.

Na san za ka ce kai ba mai yin irin wannan ba ne, kuma na yarda. Amma tarkon da namu ke faɗawa daban ne. Mutum ya tsaya ya dafa kafaɗar mutum-mutumi kamar abokin wasansa, ko ya hau dakalin da aka girke shi don ya sami kusurwa mai kyau, ko ya ɗauki bidiyo yana nuna masu ibada da yatsa yana dariya, yana cewa da Hausa ku zo ku ga masu bautar gunki, yana ganin ai ba mai jin yarensa. Dariya da nuni da yatsa ba sa buƙatar tafinta. Rubutun da ka liƙa a ƙasan hoto kuwa, maɓalli ɗaya za a danna a fassara shi, kuma Tailan tana da dokar laifukan kwamfuta tun 2007 wadda ake amfani da ita a kan abin da aka wallafa a intanet. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, don haka hukuncin shiga irin waɗannan wurare ka tambayi malaminka kafin ka tashi. Amma aya ta 108 a Suratul An'am, wadda ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci, kowane ɗalibi ya san ta. Ka kuma tuna yadda ranka zai ɓaci idan baƙo ya shiga masallacin Juma'a na Kano da takalmi, ya jingina da mumbari yana ɗaukar kansa hoto, sannan ya ce ai ya ba mai gadi kuɗi. Ba wanda ya ce ka rusuna ko ka haɗa tafin hannu a gaban Buda, kuma masu wurin ba sa tilasta wa baƙo hakan. Nutsuwa kawai ake nema daga gare ka.

Akwai wani abu makamancin wannan da ya fi shi tsanani, wato sarauta. Sashe na 112 ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci zarafin sarki ko sarauniya ko mai jiran gado. Za ka ga manyan hotunan sarki a bakin titi da ƙofar ma'aikatu, kuma hotonsa na jikin takardun kuɗi. Ka ɗauka idan kana so, amma ban da wasa a gabansu, ban da raha a kansu a shafinka.

To, ga yadda za ka yi a aikace. Tufafin Bahaushe ba su da matsala ko kaɗan: kaftani da wando sun rufe kafaɗa da gwiwa, wanda shi ne sharaɗin, kuma mace mai hijabi ko abaya tana wucewa ba tare da an tsayar da ita ba. Takalmi ake cirewa a ƙofar duk ɗakin ibada, don haka ka sa wanda ke da sauƙin cirewa, ka kuma tafi da safa, domin daɓen waje yana ɗaukar zafi da rana. Hula ma ana cirewa a ciki. Idan za ka shiga, ka tsallake dokin ƙofa, kada ka taka shi. Idan ka zauna, kada ka miƙe ƙafa tafinta ya fuskanci mutum-mutumin ko wani limami, domin a wurinsu ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci a jiki. Ka yi zama irin na tahiya, ƙafafu a baya, ka huta. Idan da iyalinka za ka tafi, ka gaya mata mace ba ta taɓa limamin Buda, ba ta kuma miƙa masa abu hannu da hannu.

A harabar babbar fada, wadda aka fara ginawa a 1782, kana iya ɗaukar hoton waje yadda kake so, amma cikin ɗakin da aka ajiye koren mutum-mutumin Buda na Wat Phra Kaew, wurin ibadar da ke cikin fadar, an hana ɗaukar hoto baki ɗaya, kuma masu gadi ba sa wasa da wannan. Ɗan ƙarami ne, santimita 66 kacal, an ɗora shi can sama, don haka ko an bar ka ma ba wani hoton kirki za ka samu ba. Ana buɗe fadar da ƙarfe takwas da rabi na safe, a daina sayar da tikiti da uku da rabi na yamma. Ka isa tun ana buɗewa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. A hanya wani mai fara'a cikin shiga ta mutunci zai iya tare ka ya ce yau fadar a rufe take saboda biki, ya nuna maka mai a-daidaita-sahu da zai zaga da kai wasu wurare a kan kuɗi kaɗan. Tsohuwar damfara ce, ƙarshenta shagon duwatsun ado ne ko na tela. Ka wuce abinka har ƙofa ka gani da idonka. Lambar 'yan sandan da ke kula da baƙi ita ce 1155.

A Wat Pho, wanda ke maƙwabtaka da fadar daga kudu, ɗakin Buda mai kwance ƙunci gare shi, ga ginshiƙai sun jeru a gabansa, saboda haka ba za ka taɓa samun jikin duka daga gefe ba. Ka sa wa kyamararka gilashin da ya fi ɗaukar fili mai faɗi, ka tsaya ta wajen ƙafafu ka ɗauko tsawon jikin yana tafiya zuwa kai. Ka kashe filasha, domin ban da damun mutane, ruwan zinaren zai mayar maka da hasken ya ƙone hoton. Ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, ka dogara da hasken taga. Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar sandar kyamara mai ƙafa uku, cunkoson ba zai bar ka ka kafa ta ba. Tafin ƙafafun, da aka yi wa ado da ɓawon kawa mai ƙyalli a gidaje 108, ya fi fuskar ba da hoto mai kyau a ganina. Ƙarar da za ka riƙa ji ta kwabbai ce da mutane ke jefawa a tasoshin tagulla 108 da ke jere a bango. Wannan sadakar ibadarsu ce, ba dole ba ne a kanka.

Daga nan ka gangara tashar Tha Tien ka hau jirgin fito ya tsallaka da kai kogin Chao Phraya zuwa Wat Arun, inda aka lulluɓe hasumiyar da gutsattsarin tangaran na Sin. Kusa za ka ɗauki adon, amma hoton hasumiyar gaba ɗayanta sai ka dawo wannan gaɓar ta Tha Tien dab da magariba, lokacin da rana ke faɗuwa a bayanta kuma aka kunna fitilu. Idan salla ta riske ka a can tsallaken, masallacin Tonson, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a birnin, yana nan kusa.

Rana ta biyu ka ba wa Ayutthaya, tsohon babban birnin da sojojin Bama, wato Miyanma ta yau, suka rusa a 1767, kimanin kilomita 80 arewa da Bankok. A Wat Mahathat akwai kan Buda da saiwoyin bishiya suka naɗe, kuma ƙa'idar wurin ita ce duk mai son hoto da shi sai ya tsuguna, kada kansa ya ɗara na mutum-mutumin tsawo. Kangayen suna jan mutum ya hau, to kada ka hau. Limamai da masu ibada kuwa, ka nemi izini ko da da ido ne da ɗaga kyamara kafin ka matsa kusa da fuskarsu, kada kuma ka gitta gaban wanda ya durƙusa.

Ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto daga sama ka bar shi a gida, domin sai an yi masa rajista a hukumar jiragen sama da kuma ta sadarwa, kuma takardun za su ci fiye da kwana biyun da ka ware. Tunda kai mai sari ne, ka kuma kiyayi sayen mutum-mutumin Buda, musamman tsoho, don wani ya ce ka taho masa da shi na adon falo: fitar da irinsu daga ƙasar na buƙatar takardar izini daga hukumar kula da kayan tarihi, kuma jami'an kwastan suna iya ƙwace shi a filin jirgi.