Ana tayi a shagon sabuwar mota? Amsa ga wani ɗan Kwari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa nake sayarwa. Na daɗe ina hawan 'yar Kwatano, yanzu ina so in sayi ƙaramar jif sabuwa dal a leda. Na je wani shagon motoci a Abuja, suka ce farashinsu ɗaya ne, ba a tayi, wai saboda dala. Sun ce za su ba ni kafet da lamba kyauta, su kuma karɓi tsohuwar Camry ɗina su cire kuɗinta. Yaron shagon ya ce in ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a, don farashi zai tashi. Da gaske ba a ciniki a irin wurin nan? In ana yi, nawa zan taya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya.

Ana ciniki, kada sanyin iyakwandishan da gilasan shagon su ruɗe ka. Sai dai ba irin tayin da ka saba ji a layinku ba ne, inda za a ce dubu ɗari mai saye ya ce hamsin. Wanda ya raba kuɗin sabuwar mota biyu, murmushi za a yi masa a ba shi ruwan sanyi, daga nan ba wanda zai sake ɗaukar maganarsa da nauyi. Ragin da ake samu kaso kaɗan ne cikin ɗari, amma a kan kuɗi mai yawa. A ce motar naira miliyan 50 ce, don misali kawai. Ragin kashi 2 cikin ɗari miliyan ɗaya ke nan cur. Dila nawa za ka kwance kafin ribarta ta kai haka?

Maganar dala kuma akwai gaskiya a ciki. Tun da Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin kwastam ma da ita ake lissafa shi. Amma hujjar nan baki biyu gare ta. Duba yadda canji ya kasance a watannin da suka wuce, kai da kasuwar canji ta Wapa ba ta yi maka nisa ba. In naira ta tsaya wuri ɗaya ko ta ɗan farfaɗo, sai ka tambaye su: da dala ta hau kun ƙara, yanzu da ta lafa me kuka rage?

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, kada ka yi ciniki a kan kuɗin da ke manne a gilashin mota. Ka yi shi a kan jimillar abin da zai fita daga asusunka har motar ta tsaya a ƙofar gidanka da lambarta. Ka nemi takardar farashi a rubuce, mai kan sunan kamfani da sa hannu, wadda ke ɗauke da lambar shasin motar da ka nuna, ba wata mai kama da ita ba. A jera komai layi-layi: kuɗin mota, harajin VAT, rajista da lamba, inshora, da kuɗin kawowa Kano idan daga Legas za a ɗauko ta. Nan ne ake cin mutane. VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, wato a kan miliyan 50 ɗin nan miliyan 3 da dubu 750 ne. Mutum zai yi ta murna an rage masa miliyan ɗaya, ranar biya a ce ai farashin bai haɗa da haraji ba. Tambayar farko ke nan tun kafin ka zauna: da VAT ko ba da shi? Inshora ma haka. Ƙaramar da doka ta wajabta, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce ga motar gida tun Janairun 2023. Cikakkiyar kuwa, wadda ke biyan har ɓarnar motarka, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kada ta gaza kashi 5 na darajar motar, miliyan 2 da rabi ke nan a misalinmu, kowace shekara. Don haka in aka ce maka "har da inshora kyauta", tambayi wacce daga ciki.

Takarda ɗaya ba ta isa ba, samo uku. Ƙananan jif sun yi yawa a kasuwa yanzu: Toyota RAV4, Hyundai Tucson, Kia Sportage, Suzuki Vitara, Peugeot 3008, ga na ƙasar Sin irin su GAC GS4 da Changan CS35 da suka shigo da farashi mai sauƙi. Ko da zuciyarka ta riga ta kwanta a kan guda, kada yaron shago ya gane. Ajiye masa takardar wani shagon a kan tebur ya fi dogon surutu aiki. Kuma shi yaron ba shi da ikon sallamawa, kamasho yake nema. In magana ta yi nisa, ce a kira manaja. Ƙarshen wata, da musamman ƙarshen shekara, lokaci ne da suke son rufe lissafi da adadi mai kyau, kunnensu ya fi buɗewa.

Sai shekarun motar, abin da masu saye da yawa ba sa dubawa don sun ga leda a kujeru. Buɗe ƙofar direba ka duƙa. A jikin ginshiƙin ƙofar yawanci akwai 'yar takarda ko ƙarfe da ke nuna wata da shekarar da aka ƙera ta. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma a motoci da yawa na goma shi ke nuna shekarar samfuri: P na 2023, R na 2024, S na 2025. Sannan tsuguna gaban taya ka nemi inda aka rubuta DOT. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara, in ka ga 2323, an yi tayar a mako na 23 na 2023. Motar da ta shekara ɗaya da rabi tana shan rana a fili sabuwa ce a takarda, amma batirinta ya gaji, man injinta ya tsufa, tayoyinta sun ci wani abu daga kwanakinsu. Kai ka fi ni sanin atamfar da ta yi kwantai bayan sabon zane ya fito: mai ita ya ƙosa ya ga kuɗinsa, ko da bai faɗa ba. In ka samu irin wannan, nan ne babban ragi yake. Ka nemi a sauya batir da mai kafin ka ɗauka, kuma a rubuta cewa garanti zai fara ne daga ranar da ka karɓi makulli.

Garantin nan ma a tsaya a kai. Akwai wakilan kamfani na ainihi, akwai kuma masu shigo da sababbin motoci daga Dubai da kansu. Na biyun sukan fi araha, kuma ba laifi ba ne a saya a wurinsu, amma tambayi wa zai ɗauki nauyi in giya ta samu matsala a wata na takwas, kuma a wane gareji. Shekara 3 ko kilomita 100,000 shi aka fi gani, wasu kan ba da fiye. In garantin ya ce sai a wurinsu za a yi sabis, wurin nasu kuma yana Abuja, to ka sa kuɗin mai da wahalar hanyar Kaduna a lissafi. Kafin ka yanke hukunci a kan samfurin da ba a saba da shi ba, ka leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ka tambayi fitilar gaba da birkinsa. Amsar da za ka samu a can ita ce za ta gaya maka yadda za ka sha ranar sayarwa. Takardun kwastam na asali kuwa ba a ciniki a kansu, ko a ba ka ko ka tashi.

Kafet da lamba: karɓa, amma gyara ne, ba ragi ba. In sun dage ba za su taɓa farashi ba, juya cinikin zuwa abin da ke da nauyi a aljihu, kamar sabis kyauta na shekara biyu, cikakkiyar inshorar shekarar farko, ko kawowa har Kano. Irin waɗannan sun fi musu sauƙin bayarwa fiye da tsabar kuɗi.

Camry ɗinka kada ta shiga maganar tukuna. In aka haɗa ciniki biyu a takarda ɗaya, abin da aka rage maka a sabuwar za a zare shi daga tsohuwar ba ka sani ba. Kai ta wurin dillalai biyu ko uku a Kano su taya, ka cire la'adarsu, ka san abin da zai zo hannunka. Sai an sallama maka sabuwar a rubuce sannan ka ce, to ga tsohuwa, nawa za ku saya?

Yanzu nawa za ka taya. Da ni ne, zan fara daga kashi 10 ƙasa da jimillar da ta fi araha cikin takarduna uku, in hau a hankali, in kuma riga na yanke a raina inda ba zan wuce ba. In suka ce albarka, ka bar lambar wayarka ka yi sallama cikin mutunci. Juma'ar da yaron ya ambata kuwa, ka ce masa ya rubuta a takardar cewa farashin yana nan har kwana bakwai ko goma sha huɗu. Kafin alƙalami kuma kada ya fita sai da rasit mai lambar shasi, ranar da za a miƙa mota, da sharaɗin mayar maka da kuɗinka in suka saɓa. Biya ta banki, cikin asusu mai sunan kamfanin da ke kan takardar, ba na yaron shago ko na wani darakta ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka bar jakar a gida.

Ba ka ce daga ina kuɗin zai fito ba, kuma ina fata ba daga uwar kuɗin shago ba ne, musamman in sarin kayan Sallah na gabanka. In sai an cika da bashi, bankuna irin su Jaiz da TAJ suna yin murabaha, su sayi motar su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Ko a nan ka gama cinikinka da shagon tukuna ka kai wa banki takardar da aka yi ragi a kanta, domin a kan wannan adadin za su ɗora ribarsu.