Yariman Fotugal da ya yi wa halifan Marrakesh aikin soja

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani ɗan sarkin Fotugal, Kirista, da ya taɓa zama sojan halifan Musulmi a Maroko. Gaskiya ne? Me ya kai shi, kuma ta yaya halifa ya amince da shi?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunansa Pedro, ɗan Sarki Sancho na ɗaya, an haife shi a 1187. Rigimar gado ce ta raba shi da gida. Da mahaifinsu ya rasu a 1211, wansa Afonso na biyu ya hau karaga, ya ce atafau ba zai sakar wa 'yan'uwansu mata garuruwan da uban ya bar musu a wasiyya ba. Pedro ya goya wa matan baya, ya tsallaka masarautar León da ke maƙwabtaka da su, ya riƙa kai hari kan iyakar Fotugal. Bai yi galaba ba, komawa gida kuma ta gagara. Ɗan sarkin da ba shi da ƙasa kuwa, takobinsa ne jarinsa, sai ya nufi Marrakesh wurin halifan Muwahhidun, daular da ke mulkin Maroko a lokacin, Yusuf al-Mustansir.

Amincewar halifa ba abin mamaki ba ce. A 1212 aka karya rundunar mahaifin halifan a yaƙin al-Uƙab a Andalus, daular ta fara tangal-tangal, ga shi shi kansa yaro ne da ya hau mulki. Baƙon soja ba shi da dangi a cikin ƙabilun da ke harin kujerar, mai biyansa kaɗai ya sani. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya ƙara wani dalili: mayaƙan Magrib sun saba da a kai farmaki a ja da baya, Turawa kuwa sahu suke ja su kafe, don haka sarki yake son su a kusa da shi. Ya kuma ce ba a fita da su in Kiristoci za a yaƙa. A ganina wannan ya nuna kowa ya san iyakar yardar.

Pedro bai bar addininsa ba. A watan Janairun 1220 aka kashe wasu 'yan mishan biyar, almajiran Francis na Assisi, da suka nace da wa'azi a Marrakesh. Pedro ne ya sa aka tattara gawarwakinsu aka kai birnin Coimbra na Fotugal.

Daga baya ya tafi Aragon, ƙasar mahaifiyarsa, a Sifen ta yanzu. A 1229 ya auri Aurembiaix, mai riƙe da sarautar yankin Urgell. Ta rasu a 1231 ba su haihu ba, sai Sarkin Aragon, Jaime na ɗaya, ya karɓi Urgell ya ba shi tsibirin Mayorka, wanda bai daɗe da ƙwacewa daga hannun Musulmi ba. A 1235 kuma da Pedro aka ci tsibirin Ibiza da yaƙi, shi ma daga hannun Musulmi.